Hunturu ya shigo, ina hita za ta zauna?

Asabar

Sanyi ya kankama a Kano. Da asuba ma'aunin zafin da ke jikin tankin ya nuna digiri 22, kifayen kuwa sun lafe a gindin duwatsu, abincin da na zuba har ya nutse babu wanda ya taso masa. 'Yan Tafkin Malawi ne, waɗanda ake kira mbuna, dangin karfasarmu ta gida, kuma ruwan saman tafkinsu tsakanin digiri 24 da 29 yake kai da kawowa duk shekara. Idan sanyi ya daɗe a jikinsu sai su daina ci, sai kuma cutar farin ɗigo ta samu ƙofa.

Na sayo hita biyu, kowace wat 300. Na zaɓi ƙanana biyu maimakon babba ɗaya domin hita idan ta lalace takan maƙale a kunne, kuma ƙarama ita kaɗai ba za ta iya dafa ruwa mai yawa da sauri ba. Abin da ya rage shi ne wurin zamansu. Tankin sama lita 800 ne. A ƙarƙashinsa, cikin kabad, akwai tankin tacewa mai lita 200, an raba shi ɗaki uku: na farko ruwa ke faɗowa cikinsa ta kan soso, na tsakiya duwatsun da bakteriya ke zaune a kansu, na ƙarshe famfon da ke mayar da ruwa sama.

Lahadi

Na gwada ɗaya a tankin sama, a tsaye a kusurwar hagu, yadda ake gani a shagunan kifin ado. Kafin la'asar fitilarta ta riƙa kamawa tana mutuwa, alhali kusurwar dama ba ta ko motsa daga sanyinta ba. Dalilin a fili yake. Ruwan ɗumi sama yake tashi, makunnin hitar kuma a kanta yake, to ɗumin da ta yi da kanta shi ke lulluɓe ta, sai ta ɗauka aiki ya gama. A ƙaramin tanki wannan ba ya damun kowa. A tanki mai tsawon mita biyu kuwa, gefe ɗaya rani, gefe ɗaya hunturu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali wani ne. Akwai wata macen kifi rawaya da ta ɗauki ƙwai a baki, maƙogwaronta ya kumbura, ba ta ci ba ta sha, haka za ta yi wajen mako uku. Maza na korar ta, sai ta je ta matse tsakanin gilashin tanki da jikin hita, gefenta na gogar kwalbar mai zafi. Na tsaya ina kallon ta tana juya ƙwan a baki a hankali, ban ji daɗi ba ko kaɗan. Na zare wayar, na bar kwalbar ta huce a cikin ruwa, sannan na ciro ta.

Litinin

Yau lissafi na yi. Kafin zafin lita 1,000 na ruwa ya ƙaru da digiri ɗaya, sai an ci wutar da ta kai yunit 1.16. Ke nan hita biyun nan, idan suna aiki tare kuma babu zafin da ke tserewa, sai sun yi kusan awa biyu a kan kowane digiri. Wannan jinkirin alheri ne ga kifi, don canjin gaggawa ya fi sanyin kansa cutar da su.

Talata

Na koma tankin ƙasa. Jiya da dare na manna salatif a daidai bakin ruwan kowane ɗaki. Da safe na farko da na tsakiya suna nan yadda na bar su, domin tsayin katangar gilashin da ke tsakaninsu da ɗakin famfo shi ke riƙe ruwansu. Ɗakin famfo kuwa ya ja baya da faɗin yatsa biyu. Duk ruwan da busasshiyar iskar hunturu ta shanye, daga sama ko daga ƙasa, a wannan ɗakin kaɗai giɓinsa ke bayyana. Wanda ya sa hita a nan, ranar da ya yi tafiya ya manta da ƙara ruwa, kwalbar za ta fito fili tana zafi, ta tsage, da wuta a jikinta.

Wannan shanyewar tana da wata ɓarna da ba a gani. Kowace lita ɗaya da ta tashi tana tafiya da zafin da zai iya rage wa lita 1,000 fiye da rabin digiri. Saboda haka kafin magariba na sa an yanko mini murfin gilashi.

Hita biyun sun tafi ɗakin tsakiya, a kwance kusa da ƙasa, ba sa taɓa juna, ba sa taɓa duwatsu, kusa da inda ruwa ke kutsowa ta ƙarƙashin katanga. Duk ruwan gidan nan sai ya bi ta kansu kafin ya koma sama.

Laraba

Mai gyaran wutarmu ya zo haɗa na'urar da za ta riƙa kunna hitocin tana kashewa. Tana da siririyar waya mai kan ƙarfe, ita ke jin zafin ruwa. Niyyata in sa kan nan a tankin sama, tunda can kifayen suke.

Ya ce, “Alhaji, idan famfon ya tsaya fa?”

Na ce, “Injiniya, ina jin ka.”

Ya ce sama za ta yi ta sanyi, na'urar ta yi ta ba hita wuta, ruwan ƙasa da ba ya zuwa ko'ina ya yi ta zafi har bakteriyar tacewa su mutu. Gaskiyarsa. Muka sa kan ƙarfen a ɗaki ɗaya da hitocin, amma ta ɓangaren da ruwa ke shigowa, taƙi guda kafin ya iso su. A nan yana jin ruwan da ya baro kifi yanzun nan, idan kuma ruwa ya tsaya, ɗumin ɗakin zai iske shi ya kashe wuta. Na'urar muka tsayar a 26, makunnin jikin kowace hita a 28, don idan na'urar ta gaza su tsayar da kansu. Ya ƙara makatsin da ke yanke wuta da zarar ta zirara cikin ruwa, ya kuma lanƙwasa kowace waya ƙasa da soket, yadda ɗigon da ya biyo ta zai zuba a ƙasa.

Alhamis

Hagu 25, dama 25. Sun taso wa abinci.

Juma'a

An ɗauke wuta tun kafin masallaci, ba a dawo da ita ba sai bayan isha'i. Famfon yana kan inbata, hitocin ba sa kai, don wat 600 zai tsotse batir kafin tsakar dare, kuma idan za a zaɓa, gudun ruwa ya fi ɗumi muhimmanci, shi ke kai iskar shaƙa ga kifi da bakteriya. Ruwan bai yi asarar da ta kai digiri ɗaya ba. Yawan ruwan da ke sa shi jinkirin ɗumi, shi ke sa shi jinkirin hucewa.

Lahadi

Ranar canjin ruwa. Na rubuta a ƙofar kabad da manyan baƙi, saboda yaran da ke taya ni: a kashe hita, a jira minti 15, sannan a kashe famfo. Sabon ruwan tun jiya yake cikin duro a ɗaki, don na tankin kan rufi da safe yakan yi sanyi ƙwarai. Gobe zan nemo farin fom in manna a bayan tankin da gefunansa biyu, domin bangon da yake jingina da shi na arewa ne, ta nan iskar ke bugowa.