Sati Biyu A Kan Tsini

Asabar, rana ta 1

Tela ne ya jawo mini, ko da yake da bakina a ciki. Ranar da muka kai ankon bikin 'yar Goggo ya tambaye ni da wane takalmi zan sa rigar dina, ni kuma don kada sauran ƙawayen amarya su raina ni na ce mai tsini. Ya ƙara inci 5 a kan awona. Yau na karɓo rigar, na gwada da silifas, sai ga ta tana sharar ƙasa kamar ta aro. Bakin rigar duk duwatsu ne da aikin hannu, ba ya yankuwa. Saura sati 2 cif.

Shekarata 7 ina koyarwa, kullum a tsaye gaban allo da takalmi filat. Mafi tudun abin da na taɓa sawa bai kai kaurin yatsa biyu ba.

Yaya, wadda nas ce, ta ce in bari sai bayan La'asar in je kasuwa, domin ƙafa tana ɗan kumbura da yamma, takalmin da ya yi daidai da safe yakan matse da daddare. Na shiga Sabon Gari, na zaɓi wani ruwan gwal mai rufaffen baki, dunduniyarsa santimita 12, siririya kamar fensir. Mai shago ya ce, "Hajiya, ai wannan ake yayi." A zaune na gwada shi. Kuskuren farko ke nan.

Lahadi, rana ta 2

Minti 4 na yi a cikinsa. Gwiwoyina sun ƙi miƙewa, jikina ya ranƙwafa gaba, hannuna ɗaya a bango. Auta ta dinga tafa hannu tana ce mini "tatata, tatata" kamar yadda ake yi wa yaro mai koyon tafiya. Umma ta leƙo daga kicin, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Ta koma kan girkinta.

Litinin, rana ta 3

Yaya ta zo da yamma, ta sa na tsaya ba takalmi, ta ce in ɗage a kan yatsuna in tsaya haka. Ban kai minti ɗaya ba na sauko. Ta ce to abin da takalmin ke nema a wurina ke nan, sai dai ya tokare mini diddige da ƙusa.

Ta zana mini ƙafa a bayan littafin darasina. Ƙashi 26 ne a kowace ƙafa. In mutum yana tsaye a ƙasa, diddige ne ke ɗaukar kaso mai yawa na nauyinsa, kuma an halicce shi da ƙashi mai kauri da matashin kitse saboda wannan aikin. Da an ɗaga shi sama, nauyin sai ya gangaro kan tudun nan da ke ƙarƙashin yatsu, wurin ƙananan ƙasusuwa. Jiki ya ji zai kifa, gwiwa ta lanƙwashe don ta tare shi, ƙugu ya turo baya, gadon baya ya ɗauki sauran wahalar. Tafiyar agwagwar da na yi jiya ke nan.

Hukuncinta: in mayar da ruwan gwal cikin kwalinsa na kwana 4. Ta ba ni aron nata mai faffaɗar dunduniya, santimita 7. Raina bai so ba, gani nake kwanakin za su tafi a banza.

Talata, rana ta 4

Layin tayil ɗin falo ya zama titina. Diddige ya fara sauka, yatsu su biyo baya nan take, taku gajere, rabin wanda na saba. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne daina kallon ƙasa. Da na sunkuyar da kai, duk jikin sai ya bi kan.

Goggo ce ta warware wannan, ita da ba ta taɓa sa ƙwas-ƙwas ba a rayuwarta. Ta zo kawo wa Umma goron gayyata, ta zauna tana kallona, can ta ce, "Ke 'yar nan, ba ki taɓa ganin mai tallan nono ba?" Ta tashi ta yi gammo da ɗankwalinta, ta ɗora mini kwanon sha da ruwa rabi. Ikon Allah. Da kwanon ya hau, wuya ya miƙe, kafaɗu suka koma baya, cikina ya ɗaure da kansa, idona ya tsaya kan agogon bango. Na kai ƙarshen falo na dawo sau 10, sau biyu kawai ruwa ya zubo mini. Duk bidiyon da na kalla a YouTube daren jiya, turawa na cewa a ji kamar an ɗaure zare a tsakiyar kai ana ja sama, ashe abin da suke nufi ke nan. Goggo ta gama da shi da kwano ɗaya.

Laraba, rana ta 5

Bororo a bayan diddigen hagu. Na wanke, na manna filasta, ban fasa shi ba saboda Yaya ta hana. Yau hutu.

Alhamis, rana ta 6

Minti 25 a cikin na Yaya, har da shara da wanke-wanke. Na lura in hannuna na aiki ƙafar ta fi samun hanyarta.

Abba ya same ni ina goge tebur a kan tudu, ya yi dariya, ya ce wahalar mata ba ta ƙarewa. Na ce, "Abba, ai ku kuka fara." Na ba shi labarin da na karanta: mahayan dawakin Farisa ne suka daɗe suna sa takalmi mai dunduniya don ƙafa ta kama likkafa in sun miƙe za su harba kibiya. A 1599 sarkinsu Shah Abbas ya aika jakadu Turai, manyan can suka ga abin ya yi musu, suka ɗauka. Sarki Luwi na 14 na Faransa ma akwai shahararren zanensa na 1701, yana tsaye da takalmi mai jar dunduniya. Sai daga baya maza suka zame suka bar wa mata. Siririn tsini irin nawa kuwa ɗan bayan nan ne, na shekarun 1950, lokacin da aka fara sa sandar ƙarfe a cikin dunduniyar don kada ta karye. Roger Vivier, mai yi wa kamfanin Dior takalma a lokacin, yana cikin waɗanda suka fito da shi. Sunan da turawa suka ba wa tsinin ma na wata siririyar wuƙar Italiya ne.

Abba ya ce su da suka sa a kan doki suke, dokin ne ke tafiyar. Na rasa amsa.

Juma'a, rana ta 7

Kafin a tafi masallaci na kai ruwan gwal wurin shumekan bakin layinmu. Ya juya shi, ya shafa ƙasan da babban yatsa, ya ce, "Wannan santsin kaɗai ya isa ya kayar da ke a tayil." Ya goge ƙasan da sanfefa har ya yi kaushi. Ya cire ɗan robar bakin tsinin, wanda ya ce na banza ne, ya buga mai tauri, ƙarar takun ma ta ragu, abin da zai yi wa Umma daɗi don ta tsani ƙwas-ƙwas ɗin nan tun daga zaure. Sannan ya ɗinka siririn maɗauri da zai zagaye idon sawu, ya manna ɗan soso a ciki daidai inda tudun yatsu ke sauka.

Maɗaurin nan shi ne rabin aikin. Ashe tun farko yatsuna ƙanƙame takalmin suke yi don kada ya fice, shi ya sa suke ƙagewa. Yanzu takalmin ne ke riƙe da ni.

Ya kuma gaya mini abin da mai shago bai faɗa ba. Da na sayi mai tudu a gaba, ko na santimita 2 ne, da tsawon yana nan amma gangaren da ƙafa ke ji ya dawo 10. Na riga na saya.

Asabar, rana ta 8

Na koma kan santimita 12. Minti 15, ba bango, da kwanon Goggo a ka. Gwiwa ta miƙe. Auta ba ta tafa ba.

Lahadi, rana ta 9

Da Asuba na sauko daga gado, dambubuna suka ɗaure tamau, da ƙyar diddigena ya taɓa ƙasa. Na aika wa Yaya saƙo, ta kira tana dariya, ta ce naman ne ya kwana a takure. Ta ba ni labarin wani bincike da aka yi a Mancesta ta Ingila a 2010, inda aka duba matan da suka shekara biyu ko fiye suna sa mai tudu kusan kullum, aka tarar zaren naman dambubunsu ya fi na sauran mata gajarta da kashi 13 cikin 100, jijiyar agararsu kuma ta ƙara kauri da tauri. Su irin waɗannan, takalmi filat ne ke sa su ciwo. Wato akwai gwanintar da ba na so in kai.

Ta ce bayan kowane gwaji in dafa bango, in miƙar da ƙafa ɗaya baya, diddige a ƙasa, in ƙirga 30, in canza. Sai in murza tafin ƙafa a kan kwalbar lemo mai sanyi. Na ƙara da nawa, ruwan ɗumi da gishiri da man zafi. Hunturu ma ya sa faso ya fara leƙowa, na shafe da man kaɗanya na sa safa.

Litinin, rana ta 10

Yau na fita tsakar gida da ƙofar gida, na gane falo ya ruɗe ni. A yashi tsinin nutsewa yake, dole in mayar da nauyi gaba in yi sanɗa. A intalok ɗin maƙwabta ya faɗa tsakanin bulo biyu, ƙafata ta gurɗe waje, na ji wani zafi ya harba har ƙwauri. Allah ya tsare ban yi targaɗe ba, maɗaurin shumeka ya taimaka. Na zauna a dakali na yi minti 5 zuciyata na bugawa.

Matakala kuma ilimi ne daban. Hawa da gaban ƙafa kawai, tsinin a iska. Sauka a ɗan karkace, ƙafa duka a kan matakin, hannu a kan ƙarfe. Duk wadda ta ce tana sauka ba riƙo, ko dai ƙarya take ko tana da ajiyayyen mai ɗori.

Talata, rana ta 11

Ban yi gwaji ba, na dawo daga makaranta a gajiye. Ina kwance ina tunanin matan da wannan abin ya zame wa dole. A Landan wata mai suna Nicola Thorp ta je aikin karɓar baƙi a ofis, aka ce sai ta sa mai tudun inci 2 zuwa 4, ta ƙi, aka kore ta gida ba biya. A 2016 ta buɗe takardar koke, mutum fiye da 150,000 suka sa hannu, har majalisar dokokin Birtaniya ta tattauna batun a 2017, amma gwamnati ba ta sauya doka ba. A Japan ma Yumi Ishikawa, wadda a lokacin take aiki a gidan shirya jana'iza, ta tayar da irin wannan ƙura a 2019.

Ni dare ɗaya zan yi, kuma ni na ɗora wa kaina don yanga. Wanda zai tilasta wa mace wuni a tsaye kan wannan abu don ta ci abinci, a ba shi nawa ya zagaya falonmu sau ɗaya.

Laraba, rana ta 12

Na gwada da rigar. Abin mamaki, matsewar siket ɗin ta taimaka, don ba ta barin in yi dogon taku ko na so. Matsalar bakin rigar ne ta baya, in na ja da baya tsinin na kama shi. Dokar ke nan: ba ja da baya, sai dai in juya gaba ɗaya.

Na sa agogo. Tafiya ta yi kyau, har Umma ta ce, "Ba laifi." Amma a minti na 50 ƙasan yatsuna ya ɗau zafi kamar na taka garwashi. Tsayuwa wuri ɗaya ta fi tafiya azaba nesa ba kusa ba. Na gwada dabarar da ake yayatawa, ta naɗe yatsa na uku da na huɗu da filasta, wai saboda jijiyar da ke ratsa tsakaninsu. Jijiyar dai tana nan, Yaya ta tabbatar. Sauƙin ne ban ji ba.

A nan na fahimci iyakar abin. Kwana 12 sun koya mini daidaito, sun cire mini tsoro, sun gyara takun. Zafin bai je ko'ina ba, lokacin zuwansa kawai ya ja baya, daga minti 4 zuwa 50.

Alhamis, rana ta 13

Minti 20 kawai, sai miƙa. An yi mana lalle. Na hana mai lallen zuwa kusa da tabon bororon.

Juma'a, rana ta 14

Kamu. Silifas na sa, babu wanda ya kalli ƙafata.

Lahadi da safe

An yi dina jiya. Da silifas na shiga mota, sai a bakin zauren taron na sa ruwan gwal. Da aka kira ƙawayen amarya muka jero mu 8, hanyar doguwa ce, tayil mai ƙyalli, fitilu a ido, masu hoto a gaba. Na zaɓi wata fitila a can ƙarshe na kafa mata ido, na ji kwanon Goggo a kaina ko da yake gwaggwaro ne. Na isa ban yi tuntuɓe ba. Wadda ke gabana, da ta sayi nata ranar Alhamis, a hannun ta kusa da ita ta ƙarasa.

Duk inda na ga kujera na zauna, in na zauna kuma sai in zare diddige a ƙarƙashin tebur in motsa yatsu. Na fita liƙi sau biyu, na taka rawa sau ɗaya, a gaban ƙafa, ba tsalle. Wurin hotuna ne aka kashe ni, tsayuwar kusan rabin awa ana jiran dangin ango su haɗu.

Awa 2 da minti 40 na yi da shi a ƙafa, fiye da rabi a zaune. Da aka fara rabon abinci na cire, na tattare bakin rigar a hannu, na koma silifas. Yau ƙananan yatsuna biyu na dama ba na jin su sosai, Yaya ta ce in ba su saki ba zuwa jibi in zo ta duba. Takalmin na cikin kwalinsa a saman wadirob, Auta ta riga ta ce a ajiye mata.