Jif Ta Littafi Daban, Tawa Daban

A littattafanmu na soyayya, idan saurayi ya zo zance cikin jif, sai ku ji ta tsaya a ƙofar gida, sanyi da ƙamshi na tashi, yaran unguwa sun yanyame ta. Ba a taɓa cewa ta ƙi tashi. To yau ga labarin jif ta gaske, wato tawa.

Baba ne, Allah Ya jiƙansa, ya saye ta 'yar Kwatano, yana safarar wake tsakanin Sabon Birni da Isa har kasuwar Shinkafi. Da aka zo rabon gado na ji ba zan iya ganin ta a hannun bare ba, na haɗa rabona da ɗan abin da na samu daga littattafaina na biya 'yan uwa. Yayana ke tuƙa ta, ni ke biyan gyara.

Wallahi ba ta taɓa yi mini babbar lalura ba, injinta ƙalau. Ƙananan abubuwa ne dai ba sa ƙarewa. Da hunturu ƙurar ƙasar Gobir kan toshe matatar iska, sai ta rasa ƙarfi kamar mai azumi, ta riƙa zuƙar mai, ga shi tun da aka janye tallafin mai a 2023 kowace lita da ciwo ake sayen ta. Idan aka zuba mata man bumburutu mai datti, sai ta kama shaƙuwa. Gilashin gefena yakan maƙale don yashi ya shige masa. Giyar taimako kuwa, wadda ke sa ƙafafu huɗu su ja tare, idan aka daɗe ba a sa ta ba sai ta sandare, ranar da aka faɗa rairayin bakin gulbi a yi ta kokawa da ita. Makanikenmu ya ce a riƙa sa ta jefi-jefi a kan turɓaya, amma ban da kan kwalta, don a nan wahalar da ƙarafunan ƙasa take yi.

Mai zama birni zai ce wannan ai ba komai ba ne. Mu a nan mun san abin da tsayuwa a daji ke nufi. A watan Disamba na 2021 ne 'yan bindiga suka tare motar matafiya a hanyar Sabon Birni zuwa Isa, suka banka mata wuta da mutane a ciki. A shekarar ce kuma aka katse layukan waya a yankinmu, ko neman agaji mutum ba ya iya yi. Tun daga nan na daina raina kowace ƙara da motar nan ta yi.

Wata asuba cikin damina naƙuda ta kama matar Yaya, abin ya gagari unguwarzoma. Muka sa ta a mota, Yaya ya murɗa makulli, sai ƙas, ƙas, shiru. Inna ta dafe kai tana salati, ni kam ƙafafuna rawa kawai suke. Aka buga wa makanike ƙofa, ya zo da tocila a baki, ya buɗe gaba ya leƙa.

"Hajiya, kwantar da hankalinki, ba komi ba na, kan batir na ya kwance."

Gargadar hanya ce ta sassauta shi, gishiri kuma ya taru a kai. Ya kankare, ya ɗaure da sifana, ko minti biyar ba a yi ba ta tashi. Kafin hantsi an sauka lafiya a asibiti, ɗiya mace. Inna ta ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, gara da ta ƙi a ƙofar gida, ba a tsakiyar daji ba.

Ƙa'idar gidanmu ita ce ba a fita sai an duba ruwan lagireto, baƙin mai, kan batir da iskar safaya, kuma ba ma bari la'asar ta same mu a hanya. Kullum da sifana, fiyus da jarkar ruwa a bayanta.

Saboda haka ƙanwata, in mai jif ya zo gidanku, kada ƙyallin fenti ya ɗauke miki hankali. Ki lura, idan ya ji 'yar ƙara yana tsayawa ya duba, ko rediyo yake ƙara wa murya? Yadda yake yi da ƙaramar matsalar motarsa, haka zai yi da ƙaramin kukanki ranar da kika zama tasa.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir, Ya kai matafiya gida lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.