Umara Cikin Takunkumi

A ƙarshen watan Afrilun 2014, gab da kamawar Rajab, muka tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ni da Baffa, ƙanin mahaifina, za mu Umara. Ya haura shekara saba'in, ga ciwon suga, shi ya sa 'ya'yansa suka haɗa ni da shi. Ana saura 'yan kwanaki mu tashi, rediyo ya ba da labarin cewa Sarki Abdullah ya sauke ministan lafiyarsa, Abdullah al-Rabi'a, ranar 21 ga Afrilu, ana tsaka da fama da cutar numfashin nan ta MERS a Jidda. Tun 2013 hukumomin Saudiyya suke ba tsofaffi da masu juna biyu da ƙananan yara da masu daɗaɗɗen ciwo shawarar su jinkirta zuwa. Na faɗa wa Baffa haka. Ya ce, "Ɗana, wa ya yi mini alkawarin baɗi?" Ban iya tankwara shi ba, sai muka tsaya a kan sharaɗi: zai sa takunkumi a cikin cunkoso, zai yawaita wanke hannu da sabulu, kuma duk abin da ya ji a jikinsa ba zai ɓoye mini ba.

Mun sauka Jidda da dare, iska na ɗauke da gumin teku. Ma'aikatan da ke duba fasfo wasu da takunkumi, wasu babu. A wannan birni ne aka fara gano cutar. A watan Yunin 2012 aka kwantar da wani mutum ɗan shekara 60 daga garin Bisha a asibitin Sulaiman Fakih, huhunsa ya cushe, ƙodarsa ta daina aiki, ya rasu. Wani likita ɗan Masar mai binciken ƙwayoyin cuta, Ali Muhammad Zaki, ya gwada majinar mamacin bai ga cutar da ya sani ba, sai ya aika da samfurin cibiyar Erasmus da ke Rotadam a ƙasar Holan. Can aka tabbatar sabuwar ƙwayar korona ce, dangin SARS. Mu dai ba mu kwana a Jidda ba, muka hau bas sai Madina.

Madina ta karɓe mu da sanyin rai kamar yadda ta saba. A masallaci kuwa, da liman ya yi shiru sai tari ya tashi ta ko'ina. Duk wanda ya taɓa zuwa ya san wannan tarin na maniyyata, na ƙura da na'urar sanyaya ɗaki da mura. A waccan shekarar ne kawai kowane tari ke sa na kusa da kai ya waiwayo. Wahalar cutar ke nan: farkonta zazzaɓi ne da tari da ciwon jiki, ba ta da wata alama tata ta daban, kuma tana iya ɓoye daga kwana 2 zuwa 14 kafin ta fito. Sai numfashi ya fara sarƙewa ake gane ba mura ba ce.

A Zul Hulaifa, wurin ɗaukar harami, gardama ta tashi. Baffa ya yi karatunsa a zaure, ya san cewa a mazhabar Malikiyya namiji mai harami ba ya rufe kansa da fuskarsa. Ya ce shi kam ba zai ɓata ibadarsa ba. Malamin ayarinmu ya ja shi gefe cikin ladabi, ya ce, "Alhaji, lalura tana da hukuncinta. Mai uzuri yana rufewa ya ba da fidiya, Umararsa tana nan." Sai da ya ji daga bakin malami sannan ya ɗaura. Takardar faɗakarwar da aka raba mana a Jidda ba ta ko taɓo wannan mas'ala ba, alhali ita ce ke tsakanin dattijo irin Baffa da takunkumi. Masu tsara saƙon lafiya ga maniyyata ya kamata su zauna da malamai tun kafin a buga takarda.

Tsakanin Madina da Makka, can nesa da titi, mun ga garken raƙuma, makiyayi yana tatsa a kwano. Wasu a cikin bas suka roƙi direba ya tsaya su sha madara da ɗuminta, don magani. Jagoranmu ya hana, aka yi ta guna-guni. Ni na goyi bayansa. Wani ɗan Malesiya da ya zo Umara ya ziyarci garken raƙuma, ya sha madarar, ya koma gida ya rasu da MERS a cikin Afrilun shekarar. Ƙwayar tana zaune ne a hancin raƙuma masu tozo ɗaya, musamman 'yan ƙanana, kuma su ɗan yoyon hanci kawai take sa su. Ba sabuwa ba ce a jikinsu: an gwada jinin raƙuman Sudan da Somaliya da aka adana tun 1983, aka ga alamarta. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta fi ƙarfin kowa ba: a tafasa madarar, a dafa naman ya nuna, mai suga ko ciwon ƙoda ko na huhu ya nisanci garke.

Mun yi ɗawafi a taron da ba masaka tsinke, hannuna riƙe da na Baffa, zuciyata cike da fargaba. Sai da muka koma Jidda na fahimci ba a wurin ɗawafin haɗarin ya fi yawa ba. Wata 'yar unguwarmu, ma'aikaciyar jinya a wani asibitin birnin, ta zo gaishe da Baffa a masauki. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ce, "Baba, ka yi haƙuri ba zan matso ba, daga aiki nake." Ta ba mu labarin ɗakin agajin gaggawa: marasa lafiya jere a kan gadaje kusa da kusa, ana jiran gurbi, kowanne da 'yan jinya biyu ko uku, 'yan dubiya na shige da fice. Mai MERS ɗaya ya kwana a nan ba a gane shi ba, ya shafa wa mai ciwon zuciya da ke gefensa, da mai wankin ƙoda, da ma'aikaciyar da ta sa masa iska. Abin da aka koma yi, in ji ta, shi ne tare mutum tun daga ƙofa a tambaye shi tari da zazzaɓi, a ba shi takunkumi, a ware shi ɗaki daban, a ɗauki samfur, a rubuta sunan duk wanda ya kusance shi a bi shi mako biyu. Babu allurar rigakafi, babu magani takamaimai. Binciken da aka yi daga baya ya gaskata ta: mutum 255 aka tabbatar sun kamu a Jidda daga Janairu zuwa tsakiyar Mayun shekarar, kuma mafi yawansu ta hanyar asibiti.

Ta ƙara da abin da ya fi tsaya mini a rai. 'Yan uwanmu Hausawa da ke zaune a Makka da Jidda ba iƙama, irin waɗanda muka ci tuwonsu a Shara Mansur, in sun yi rashin lafiya kantin magani suke zuwa, don tsoron kada asibiti ya zama hanyar da hukuma za ta kama su. Mutumin da ke tsoron a rubuta sunansa ba zai shiga lissafin masu bibiyar cuta ba, shi da iyalinsa.

Da muka dawo Kano, na riƙa auna zafin jikin Baffa safe da yamma har mako biyu suka cika, na kuma roƙi masu zuwa barka da sauka su haƙura da rungume-rungume. Tarin da ya zo da shi ya warke. Shekara ɗaya bayan haka, a Mayun 2015, wani ɗan Koriya ta Kudu mai shekara 68 ya koma gida daga ƙasashen Larabawa, ya zaga asibitoci kafin a gane abin da ke damunsa. Mutum 186 suka kamu, 38 suka mutu, aka killace kusan 17,000. A duniya baki ɗaya an tabbatar da cutar a jikin mutum kusan 2,600 a ƙasashe 27, kuma wajen ɗaya cikin uku ba su tashi ba.

A shekarar 2015 ɗin ce kuma masana daga Najeriya da Jami'ar Hong Kong suka gwada raƙuman da ake yankawa a abbatuwar Kano. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗauke da alamar sun taɓa kamuwa, aka kuma samu ƙwayar kanta a hancin wasu. Da aka gwada jinin ma'aikatan wurin a 2016, ba a ga alamar ta shiga jikinsu ba, kuma nazari ya nuna nau'in da ke raƙuman Afirka ta Yamma bai kai na Larabawa saurin hayayyafa a huhun mutum ba. Wannan abin godiya ne, amma ƙwayar cuta tana sauya kama, raƙuma kuma ba su daina shigowa daga Nijar da Chadi ba. Ina so a ce duk mahauci ko makiyayin da ya je asibiti da ciwon huhu mai tsanani, likita ya tambaye shi ko yana hulɗa da raƙuma, kuma a samu ɗakin gwajin da za a aika samfurinsa a nan Kano.