Daga Bauchi Zuwa Jidda, Tafiyar Sa'a Nawa Ce?

Jama'a, duk shekara in jigilar alhazai ta matso, tambaya ɗaya dattawanmu na Inkil ke yi mini, da yake sun san ni ɗan jarida ne. Wai daga Bauchi zuwa Jidda tafiyar sa'a nawa ce? Amsar kuwa kashi biyu ce, domin nisa daban, lokaci daban.

Shi dai nisa ba ya gusawa. Daga filin jirgin sama na Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, wanda aka buɗe a 1981, wajen kilomita 3,400 ne in an miƙe sak, watau kimanin mil 2,100. Jirgin da ke cin kilomita 850 cikin sa'a guda, in an haɗa da tashi da sauka, sa'a huɗu da rabi ta ishe shi. Agogon Saudiyya ya riga namu da sa'a biyu, saboda haka wanda ya tashi da goma na safe zai sauka wajen huɗu da rabi na yamma.

Lokaci kuwa yana hannun ƙasashen da ake ketawa ta samansu, watau Chadi da Sudan. Ta nan kakanninmu suka bi a ƙasa, daga Maiduguri zuwa Fort Lamy, su wuce Darfur, su kai Sawakin a bakin Bahar Maliya. Wasu sun yi shekaru a hanya, suna noma suna ƙwadago don neman guzuri. Wasu ma can suka zauna, kamar mutanen garin Mai Wurno, zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903.

Da jirgi ya zo sai muka manta da waɗannan ƙasashe. Ran 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta ana gab da fara jigila. Dole jirage suka yi zagaye, tafiya ta ƙaru da sa'a biyu ko fiye, kamfanoni kuma suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. Gwaggona, wadda ta daɗe tana tara kuɗin kujerarta da sana'ar ƙuli-ƙuli, cikin matafiyan shekarar take. Ba ta taɓa jin sunan janar-janar ɗin da ke faɗa ba, amma rikicinsu ya iske ta har cikin ɗakinta.

To, ashe zaman lafiyar maƙwabci shi ke gajarta hanya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk maniyyacin da ya tambaye ni sa'a nawa, sai in gaya masa, in kuma roƙe shi ya sa mutanen Sudan cikin addu'arsa a Arfa. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.