Kalmar da ta sa muka zaro harshe a Seoul

Yaya,

Da fatan su Inna suna lafiya. Nan sanyi ya kama, ruwan alwala ma sai na yi shahada nake taɓa shi.

Ka ce in ba ka labarin zamana da mutanen Koriya ta Kudu. To ga na daren Talata. Abokin ɗakina yana shirin jarrabawar Turanci ta TOEIC, wadda kamfanoninsu ke dubawa kafin su ɗauki ma'aikaci. Ya zo da katunan kalmomi ɗaure da roba, ya zaro guda, ya ce in furta masa: enthusiasm. Harshensu ba shi da "th", ba shi da "z", sai ta fito masa da "s" da "j". Na fara dariya, sai na tuna mu ma "s" muke cusawa a wurin. Ƙarshe muka tsaya gaban madubi, kowa ya zaro harshe tsakanin haƙora, kamar ƙadangaru biyu a kan katanga.

A bayan katin ya rubuta fassararsu, yeoljeong. Gaɓar farko zafi take nufi. Ya ce mu fa? Nan na maƙale. Zumuɗi yana da ɗan zargi a ciki, ka san yadda Inna ke cewa in rage shi. Ɗoki na jajiberin sallah ne, kwana biyu ya huce. Na ce masa karsashi, amma tasu ta fi kama da himma, irin ta yaran da nake gani suna fitowa daga makarantun lesin, hagwon, ƙarfe 10 na dare.

Asalin kalmar enthusiasm daga Girkanci ne, ana nufin wanda abin bauta ya shiga jikinsa. Na ce kamar hawan bori ke nan. Bai yi dariya ba. Ya ce suna da wata magana, yeoljeong pei, wato a mori ƙarfin matashi, a ba shi abin da bai kai ya kawo ba, a ce ai yana son aikin. Yayarsa ta yi wata shida a haka.

Ya haddace kalmar Turancin dai, yanzu ya fi ni furta ta.

Ka tambayar mini Malam wace ce ta fi dacewa, karsashi ko himma. Kuma don Allah a saka yajin ƙuli a saƙo na gaba.

Naka ƙane.