Daga Gusau zuwa 'Yankuzo: hanyar da ta ratsa ƙofar gida

Wanda ya taso daga Gusau zai je 'Yankuzo, hanyar Funtuwa zai kama. Zai wuce Kwatarkwashi da katafaren dutsenta, a ƙaramar hukumar Bunguɗu, ya isa Tsafe, sannan ya saki babbar hanya ya ratse. Ba don kallon duwatsu na kawo ku wannan tafiya ba, ko da yake sun isa kallo. Ina so mu dubi bakin kwalta, inda gidajen mutane suke.

Wannan hanya ta gwamnatin tarayya ce. Ita ta haɗa Zariya da Funtuwa da Gusau, ta bi ta Bunguɗu da Talatar Mafara har Sakkwato. Tirelolin siminti da na shanu, tankokin mai, motocin haya maƙare da fasinja, duk nan suke bi. Ga direban da ya fito daga Zariya, Tsafe wuri ne kawai da zai wuce. Ga yaron Tsafe kuwa, wannan kwaltar ita ce hanyar makaranta, ita ce ta zuwa aike, kuma ita ta raba gidansu da na kakarsa. Hanya ɗaya, aiki biyu, kuma ayyukan ba sa shiri da juna: baƙo gudu yake so, ɗan gari tsallakawa yake so.

Akwai kuma abin da kowane ɗan Zamfara ya sani. Rashin tsaro ya sa direbobi ba sa son dare ya yi musu a daji, don haka suke taka mota. Ba a ga laifinsu ba. Amma ƙafar da ta saba da gudu a daji ba ta cika sassautawa ba idan an shigo gari.

Ku ɗauko biro, 'yan ajin fiziks. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin kusan mita 8 a daƙiƙa ɗaya. Mai gudun 60 tana cin kusan mita 17. Direba kan ɗauki kimanin daƙiƙa guda tsakanin hango yaro da taka birki, kuma a wannan lokacin motar ba ta rage komai ba. Bayan an taka birkin ma, idan gudu ya ninka biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya ninkawa take sau huɗu. Wato a daidai inda mai gudun 30 ya tsaya cak, mai gudun 60 bai ma gama kai ƙafarsa kan birki ba. Yanzu ku ƙara da nauyin tirela mai ɗauke da buhunan siminti.

Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa cikin gari. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke sa ido a kai. Sai dai masana da yawa na ganin 50 ɗin ma ta yi yawa a ƙofar gida. A taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a watan Fabrairun 2020, an yi kira da a mayar da gudu 30 a duk inda motoci ke cakuɗuwa da masu tafiya a ƙasa. Dalili a fili yake: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Sa'o'inku ke nan.

Da an ratse zuwa 'Yankuzo sai ƙarar manyan motoci ta koma baya. Garin manoma ne, ba ya kan babbar hanya, kuma ta wannan fuska ya huta da abin da Tsafe ke fama da shi. Amma garuruwa irinsa suna da nasu. Babur shi ne motar kowa, ya ɗauki mutum uku da buhu, ya kutsa lungun da yara ke langa. Da kaka motocin ɗaukar hatsi kan shigo har tsakiyar gari. Lungunanmu kuwa an fitar da su ne tun lokacin jaki da raƙumi: ƙofar zaure a bakin hanya take, katanga ta tare kwana, yaro na fitowa da gudu sai dai a gan shi a gaban taya.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ramuka kan tsare rai. Ranar da aka shimfiɗa wa layi kwalta ana murna, washegari gudu ya ƙaru, masu yanke su gano shi su mayar da shi hanyarsu. Ba cewa nake a bar hanya a lalace ba, mai naƙuda da za a kai asibiti ba za ta yafe mini ba. Cewa nake duk kwaltar da za a zuba cikin unguwa ta zo da abin rage gudu tun ranar farko.

Mutanen Holan sun riga mu shiga wannan hali. A 1971 haɗarin mota ya kashe musu yara sama da 400, iyaye suka fito zanga-zanga. A garin Delft aka fara sake fasalin layukan unguwa: aka matse su, aka karkata su, aka dasa itatuwa, har direba ya ji kamar tsakar gidan wani ya shiga. Mai wucewa kawai sai ya gwammace ya bi babbar hanya ta bayan gari. Dabarar ke nan da ke bayan hanyar kewaye, irin wadda ke Gusau da Kano, ko da yake a wurinmu gari kan bi ta da shaguna da gidaje har ita ma ta zama tsakiyar gari.

Tudun rage gudu da matasa ke yi da ƙasa ko kututture bayan an kaɗe wani, na fahimci zafin zuciyar da ke sa a yi shi. Amma tudun da ya cika tsayi, ba fenti ba alama, shi ma kan kayar da mai babur da dare. Mai kyau faɗi gare shi, ba tsini ba, kuma ana sa allon gargaɗi kafin a kai gare shi.

Ga aikin da ƙungiyar ɗalibai za ta iya yi a mako guda. Ku tsaya nesa da kwalta a ƙofar makaranta lokacin tashi, tare da malami. Ku auna mita 50 tsakanin alamomi biyu, ku riƙe agogo: duk abin hawan da ya cinye tazarar cikin ƙasa da daƙiƙa 6 ya haura gudun 30. Ku ƙirga nawa ne suka tsaya a unguwar, nawa ne wucewa kawai suka yi. Shugaban makaranta ya kai takardar wurin mai unguwa da hakimi. Idan layin cikin gari ne, maganar ta ƙaramar hukuma ce ko ta jiha. Idan babbar hanyar Funtuwa ce, sai an haɗa da jami'an kiyaye haɗurra da ma'aikatar ayyuka ta tarayya kafin a taɓa ta.