Yaran Arewa da lambar zinariya

Bayan an gama yankan hatsi a ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Gesheme, yara kan taru bisa rairayi in wata ya fito, su kama kokowa. Tun kaka da kakanni haka ake. Sai dai yau, sanadin telebijin da salula, wata tambaya ta shiga bakin ƴan shekara shida da bakwai: wa ya ci zinariya? Har akwai masu huda marfin kwalba su sa mashi zare, su rataya wa wanda ya yi kaye, wanda aka kayar kuwa a bi shi da ihu har ƙofar gida.

Wani malamin lakwal na wannan yanki, da ya ga wani ƙaramin ɗalibinsa ya daina shiga fili don an taɓa kada shi gaban jama'a, sai ya tara ajin ya ba su tarihin ƙasarsu. Nijar ba ta taɓa cin zinariya a wasannin Olimpik ba. Lambarta ta farko, ta tagulla, Isaka Dabore ɗan dambe ya kawo ta daga Munik a 1972, bayan an rinjaye shi a karon kusa da na ƙarshe. Ta biyu, ta azurfa, sai da aka jira shekara 44 kafin Abdul Razak Isufu Alfaga ya samo ta a wasan tekwando a Riyo, a 2016, shi ma bayan an rinjaye shi a karon ƙarshe. Dukansu biyu da kaye suka fito fili, amma ƙasa duka ta yi alfahari da su. Alfaga bai yi fushi ya zauna ba, ya koma horo, a 2017 ya ci zinariyar duniya a Muju ta Koriya ta Kudu. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Malamin ya ƙara masu da abin da ya ba su mamaki: lambar zinariyar Olimpik azurfa ce aka shafe da zinariya gram 6. Tun bayan 1912 ba a sake ba da zinariya tsantsa ba. Darajarta tana ga wahalar da aka sha kafin a kai gare ta.

Wannan darasi ba baƙo ba ne ga Arawa. Tun da aka fara kokowar ƙasa a Tawa a 1975, takobi guda ake bai wa mutum guda, sauran su koma gida su jira baɗi. Salma Ɗan Rani, wanda filin kokowar Doso ke ɗauke da sunansa, da Isaka Isaka da ya ɗaukar wa Doso takobi sau da dama, a fili guda suka yi suna tare da waɗanda suka kayar. In babu mai yarda a kada shi, babu kokowa.

Saura aikin uwaye. Ɗan kasuwa ya san ba kowace ranar kasuwa ake riba ba, ma'aikaci ya san ba kowace jarrabawa ake ci ba. Uban da ya tari ɗansa da zagi don ya faɗi, shi ne ke hana shi komawa fili. Gara a tambaye shi yadda aka kama shi, a kakkaɓe mashi ƙasa, a sa shi ya je ya gaida abokin karawarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.